Naman daji da tsutsar da ido ba ya gani: yadda za a dafa shi a ci lafiya

Ɗari in ya shigo Damagaram, an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, to lokacin mafarauta ya yi kenan. Ni gidan farauta na taso, kawuna ƙanin innata har yau yana da karnukansa da adakarsa, tun ina yaro nake binsu wajejen Mirriya da hanyar Gure ina riƙe musu gora da buhu. Kuma na san yadda ake cin naman farko a daji, ai kowa da ya taɓa bin farauta ya sani, a tattaro kirare a hura wuta, a babbake abin da aka samu, a tsaga a ɗora kan harshen wuta, waje ya ƙone baƙi ƙirin ciki kuwa jajir yana ɗigar ruwan jini, a barbaɗa gishiri da yaji a ci a tsaye saboda yunwa da sauri. Wannan gashin shi ne dalilin rubutun nan, domin akwai wata tsutsa da ke zama cikin tsokar namun daji wadda irin wannan wutar ba ta taɓa ta ko kaɗan.

Likitoci suna ce mata tirishinela, cutar kuma tirishinoz. Da zarar ka ambace ta gaban wanda ya yi lakwal sai ya ce maka ai wannan ta masu cin alade ce, mu ina ruwanmu. Wallahi wannan maganar ita ce ta fi tayar min da hankali. Gaskiya ne a jikin alade ta yi suna, amma gidanta na asali daji ne, tana yawo tsakanin dabbobin da ke cin nama da masu cin mushe, kura ta ci mushen dila, dila ya ci ɓera, ɓera ya ci ragowar mushen kura, haka take zagayawa. A Aljeriya maƙwabciyarmu ta arewa an samu mutumin da ya kamu da ita daga cin naman dila, likitoci suka rubuta labarin a 2006. A Gine an same ta a jikin ƙananan dabbobin daji masu cin nama. A Senegal a 2009 wasu Faransawa uku sun kamu bayan sun ci kyafaffen naman mugun dawa, a Kenya da Habasha ma an sha samun mutane sun kwanta daga naman aladen daji. A Zimbabwe kuwa cikin kada da guza aka gano wani irinta. Dabbar daji ba ta san iyaka ba, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ban zo yin fatawa kan halal da haram ba, wannan na malamai ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ana cin guza da damo, ana cin burgu da gafiya da bushiya, yara suna gasa ɓeran daji a gona, kuma akwai masu neman naman kura ko dila ko yanyawa ko kyanwar daji da sunan magani, a ce a ci don ƙarfin zuciya ko don wani ciwo da ya ƙi ji, sau da yawa ma a ce kar a dafa shi sosai wai kar ƙarfin maganin ya mutu. To nan ne daidai inda tsutsar take samun ƙofa.

Ga yadda take aiki a jiki, don in ka gane wannan sauran bayanin duk zai zo da sauƙi. Ƴaƴan tsutsar suna naɗe cikin tsoka kamar ganwo, kowace cikin wata ƴar jaka, tsawonta in an miƙe ta bai wuce milimita 1 ba, ba ka ganinta, ba ta da wari, ba ta canza launin nama, dabbar ma ƙiba gare ta lafiya lau take gudunta. Ka ci naman bai dahu ba, ruwan ciki ya narkar da jakar, tsutsar ta fita ta shige bangon ƙaramin hanji, cikin kwana 1 zuwa 2 ta girma ta balaga. Wajen mako guda macen ta fara haihuwa, ba ƙwai take yi ba ƴaƴa masu rai take zubawa, ɗaruruwa har sama da 1000 daga uwa ɗaya, kuma tana iya yin mako 4 zuwa 6 tana wannan aikin. Ƴaƴan su bi jini su watsu ko'ina su shige tsokar mutum, sun fi son tsokar da ba ta hutawa, ta numfashi, ta harshe, ta muƙamuƙi, ta ido, ta ƙwauri da damtse. Wato ba irin macijin ciki ko tsila ba ce da ke zama a hanji a sha magani su fito a bayan gida, wannan tana barin hanji ta shiga naman jikinka ta zauna, tana iya shekaru a ciki da ranta.

Wani ɗalibin likita ne mai suna James Paget ya fara lura da ita a 1835 a Landan, lokacin da suke binciken gawa ya ga wasu ƴan ɗige-ɗige kamar yashi a tsoka, ya duba a madubin da ke ƙara girman abu ya ga tsutsa a naɗe. Sai a 1860 wani likitan Jamus, Zenker, ya tabbatar tana kashe mutum kuma daga nama ake ɗaukarta. Yau ana ƙiyasin mutum kamar 10,000 ne ke kamuwa a shekara a duniya.

Wane nama ne abin tsoro

Ka tambayi kanka abu ɗaya, me dabbar nan take ci? In mai cin nama ce ko mushe ko mai ci-duk-abin-da-ta-samu, to ka ɗauka tana da ita har sai wuta ta wanke ta. Kura, dila, yanyawa, kyanwar daji, tunku, mugun dawa, kare, ɓeraye da danginsu, kada, guza, har shaho da angulu don akwai irin da ke shiga tsuntsaye masu cin nama. Masu cin ciyawa zalla irin su gada, barewa, zomo haɗarinsu kaɗan ne, shanu da tumaki da awakinmu ma haka, kar wani ya karanta wannan ya tsorata da tsiren unguwarsu ko naman kasuwar Dole. Amma kaɗan ba babu ba ne, doki ma ai ciyawa yake ci, duk da haka a Faransa a 1985 sama da mutum 1000 ne suka kamu daga naman doki da ba a dafa sosai ba. Shi ya sa ni ban rarrabewa, duk abin da ya fito daga daji doka ɗaya nake masa.

Sai naman da ba ka san asalinsa ba. Wani ya zo da ƙullin kyafaffen nama baƙi ƙirin ba kai ba ƙafa ba fata ya ce maka gada ce, ta yaya za ka gane? Naman banda in ya sha hayaƙi duk kama ɗaya yake. A Izmir ta Turkiyya, garin Musulmi, a farkon 2004 ɗaruruwan mutane suka kwanta saboda sun ci wani abincin ɗanyen niƙaƙƙen nama da aka sayar musu a matsayin na sa, ashe an gauraya da na alade. Ba wanda ya yi niyyar cin abin da bai dace ba a cikinsu. In za ka sayi naman daji ka sayi wanda ka ga siffarsa, in kuwa yankakke ne ka yi masa dahuwar da za ka yi wa mafi haɗari.

Wajen fiɗa

Tun daga wuƙa ake fara kiyayewa. Kar ka ɗanɗana ɗanye, ko ɗan tsinken tsoka, ko don a ji ko gishiri ya ji, kuma kar a miƙa wa yaro ɗan yanki ya je ya gasa da kansa a bakin murhu, yara ba su da haƙurin jira, da ya ga ya yi baƙi ya kai baki. Harshe, naman kumatu, naman wuya da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, su ne wuraren da tsutsar ta fi taruwa, kuma abin takaici su ne ake fara cirewa a gasa sama-sama a matsayin rabon mai fiɗa. A haɗa su cikin tukunya da sauran.

Wuƙar da ta yanka ɗanyen naman, da katako ko tire ko tabarmar da aka shimfiɗa, kar su taɓa albasa da tumatir da za a ci ɗanye, kar kuma a mayar da dafaffen nama kan tiren da ɗanye ya kwanta. A wanke da ruwan zafi da sabulu, hannu ma haka har ƙarƙashin farce. In an daka a turmi ko an kai inji an niƙa to a wanke shi tas kafin a sa wani abu, ɗan ɓurɓushin da ya maƙale ya isa. Wannan ba tsanani ba ne. A Amurka a 2022 wasu dangi suka taru cin abinci, aka yi tsiren naman wata ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi da ake ce wa beyar, an kashe ta a Kanada, aka gasa tare da kayan lambu. Mutum shida suka kamu, biyu daga cikinsu ba su ci naman ba ko loma ɗaya, kayan lambun da aka gasa tare kawai suka ci.

Dahuwa

Nan ne maganar take. Zafi shi kaɗai ne ke kashe ta da tabbaci, kuma ba zafin waje ba, zafin da ya kai can tsakiyar tsoka inda ta fi kauri, gefen ƙashi. Ma'aunin shi ne tsakiyar naman ta kai digiri 74. Mai ma'aunin zafin abinci sai ya soka a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ya gwada yanki biyu uku ba ɗaya ba. Amma mu nawa ne ke da shi a gida balle a daji? Saboda haka hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce tukunya. Ruwa in yana tafasa ya kai wajen digiri 100, naman da ya daɗe a ciki ba yadda za a yi tsakiyarsa ta tsira.

Ka yanka ƙanana, kar kauri ya wuce yatsu biyu, cinya a tsaga ta har ƙashi kar a jefa ta sukutum. Ruwa ya rufe naman gaba ɗaya, kar wani yanki ya tsaya a sama yana shan tururi kawai, a rufe tukunya, a fara lissafi daga lokacin da ta soma tafasa sosai ba daga lokacin da aka ɗora ba, a juya a kai na sama ƙasa. Ni a gidana naman daji ba ya sauka ƙasa da awa ɗaya yana tafasa, tsoho mai tauri ya fi haka, sai ya kai ana jan tsoka tana rabuwa da ƙashi ba gardama, ka tsaga mafi kauri ka ga babu ja babu ruwan hoda, silin naman yana warwarewa. Na san itace da gawayi sun yi tsada, na san uwar gida za ta ce wannan tukunyar ta cinye mata icen kwana biyu, amma kuɗin odinas ɗaya, wato takardar maganin da likita ke rubutawa, yana iya fin kuɗin icen nesa ba kusa ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa, balle naman guza.

To masu son gashi fa? Ba a hana ku ba. A tafasa tukuna ya dahu, a tsame, a shafa mai da yaji da ƙuli a ɗora kan garwashi ya yi ƙamshi, ko a soya, ko a yi dambu. Daɗin bai ragu ba, ga romo kuma ya rage na farfesu. In kuwa a daji ake ba tukunya, a bar wuta ta faɗi ta zama garwashi, a yanka siriri kamar na tsire, a nisanta kaɗan daga wutar a yi ta juyawa a hankali, domin harshen wuta ƙona waje yake ya bar ciki ɗanye. Gashin dare kuma shi ya fi kowanne cuta, a hasken wuta komai ja-ja ne ba ka bambance dafaffe da ɗanye, ka kunna tocin salularka ka tsaga ka duba. Kuma ka sani launi ma yana yaudara, naman daji baƙi ne tun asali, a wancan taron na Amurka abin da ya faru kenan, duhun naman ya sa suka ɗauka ya gasu, sai da aka fara ci aka lura, aka mayar wuta, amma aikin gama ya gama. An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to a nan kam ido shi kaɗai bai isa ba, ka haɗa da yanka siriri da ba shi lokaci.

Na taɓa yi wa kawuna wannan bayanin muna zaune ƙofar gida, ya saurara har na gama sannan ya ce, ɗana mu da muka gaji abin nan tun kakanni ba mu mutu ba. Na ce Kawu Allah ya ƙara muku lafiya, ai ku ne kuka koya min cewa maharbi ba ya taka inda bai duba ba, kuma sau nawa kuka dawo daga daji bayan mako biyu wani cikinku ya kwanta da masassara da ciwon jiki aka ce shawara ce ko sanyi ko iskar daji? Ya yi shiru. Ban ce duk wannan tsutsar ce ba, amma wanda ya ci kaɗan yakan yi ɗan ciwo ya warke bai taɓa sanin me ya same shi ba, yawan tsutsar da ka haɗiya shi ke yanke nauyin ciwon. Yanzu dai in za su kwana daji da ƴar tukunya suke tafiya.

Abubuwan da ba sa kashe ta

Gishiri ba ya kashe ta da tabbaci. Yaji, tafarnuwa, citta, lemun tsami, kanwa, duk ba sa yi. Shanya a rana ba ta yi ko da ranar bazarar Damagaram ce. Banda da kyafa ma haka, hayaƙi yana busar da waje ya ba da ƙamshi amma zafinsa ba lallai ya kai ciki ba, ku tuna Faransawan nan na Senegal kyafaffe suka ci. Saboda haka kyafaffen naman daji ɗanye ne a lissafi, in za a sa a miya a jiƙa a tafasa shi sosai tun farko, kar a jefa shi ƙarshe miya na shirin sauka, kar kuma a yagi a ci haka nan ana hira.

Kilishi kuwa sai na ɗan tsaya a kansa don namu ne muna alfahari da shi. Na sa ba shi ne abin damuwa ba. Amma masu ɗauko naman daji su yi kilishi da shi, ku duba yadda aikin yake, a fere siriri, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna wa wuta. Wannan nuna wa wutar na ƙarshe gajere ne, wani gefen ya ji wani bai ji ba. Ni shawarata naman dabba mai cin nama kar ya shiga kilishi sam.

Firigo fa? Nan ma mutane suna ruɗuwa. Irin tsutsar da ke jikin aladen gida sanyi yana kashe ta in an ajiye naman da bai yi kauri ba a digiri 15 ƙasa da sifiri na kwana 20 ba yankewa. Amma na daji wasunsu sanyi ba ya musu komai, naman beyar ɗin nan kwana 45 ya yi a ƙanƙare kafin a ci, da aka binciki ragowarsa bayan ya haura kwana 100 a sanyi an tarar da tsutsotsin suna motsi. Balle mu da kuran ke zuwa yana tafiya, nama ya ƙanƙare ya narke ya sake ƙanƙarewa. Firigo na hana ruɓewa ne kawai.

In an riga an ci

Ciwon hawa biyu ne. Kwana 1 zuwa 2 bayan ci sai ciwon ciki, zawo, tashin zuciya, amai, kasala, mutum ya ce abinci ne ya ɓata masa ciki, ya sha wani abu ya lafa, wani ma ba ya jin wannan hawan ko kaɗan. Hawa na biyu shi ne lokacin da ƴaƴan suka shiga jini, yawanci daga mako 2, yana iya jinkiri har mako 8. Masassara mai zafi, ciwon kai, ciwon tsoka mai tsanani wanda ko taɓa mutum aka yi sai ya yi ƙara, tauna da haɗiya su yi wuya, ƙaiƙayi da ƙuraje, ido ya yi ja, wani lokaci a ga ɗan layin jini siriri ƙarƙashin farce kamar sartse. Alamar da ta fi kowace fallasa ta ita ce kumburin fatar ido da fuska, mutum ya tashi da safe idanu sun kumbura sun kusa rufewa. Masassara da ciwon tsoka da kumburin ido in suka haɗu ga wanda ya ci naman daji cikin wata biyun da suka wuce, to kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Matsalar a wurinmu duk masassara palu ce, wato ta cizon sauro, in an yi awo ba palu sai a ce taifot. Likita ba ya duba ƙasa, abin da ka faɗa masa da shi yake aiki. Ko a Amurka da duk kayan aikinsu, saurayin da ya fara kwanciya a wancan taron sau huɗu yana zuwa neman magani, sau biyu ana kwantar da shi cikin kwana 17, ba a gano ba sai da maganar naman ta fito. Saboda haka in ka je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko babban asibiti ka buɗe baki ka ce, likita na ci naman kaza ranar kaza, gasasshe ne ko kyafaffe, mu kaza muka ci. Ko naman da kake jin kunyar ambata ne, ko don magani aka ba ka, ko kana tsoron maganar ƴan gandun daji, faɗi, ranka ya fi kunyar. Awon jini na NFS yakan nuna wasu ƙwayoyin jini da ake ce wa ewozinofil sun hau sosai, wani awon kuma CPK yana nuna tsoka na lalacewa. Awon bayan gida ba ya kama ta, kar a ce an duba kashi ba tsutsa shi kenan ka koma gida. Awon da ke tabbatarwa na jini sai bayan wasu makonni yake nunawa, shi ya sa likita yakan fara magani daga labari da alamomi.

Maganin albendazol ne ko mebendazol, mun san su, su ne ake raba wa yara na tsutsar ciki. Amma kar wannan ya sa ka je wajen mai tallan magani a bakin tasha ka sayi ƙwaya ɗaya ka ce ka gama, ƙwaya ɗayan nan ta tsutsar hanji ce, wannan ciwon sha ne na sau biyu ko uku a rana har kwana 8 zuwa 14, likita ne zai tsara, in jiki ya yi tsanani ya haɗa da maganin rage kumburi irin su firednizon. Mai ciki kam kar ta sha komai sai da izinin likita, haka ƙananan yara. Kuma maganin ya fi aiki da wuri, tun tsutsar tana hanji ko tana kan hanya, in ta riga ta shige tsoka ta naɗe a jakarta ƙarfinsa a kanta ya ragu, ciwon jiki da gajiya su yi watanni suna bin mutum. Yawancin mutane suna warkewa. Wanda ke kisa shi ne in ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa ko huhu, saboda haka numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, bugun zuciya ba daidai ba, ruɗewa, tafiya ana tangaɗi ko wani sashen jiki ya saki, wannan a ɗauki mutum a daren ko a kan moto ne.

Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, mai jinya ya ci da shi ya kwana kusa da shi ba komai. Amma naman daji ba a cinsa mutum ɗaya, an aika wa maƙwabta, an kai wa surukai, almajiri ya samu nasa. In ɗaya ya kwanta a zauna a lissafa duk gidan da kwanon ya shiga a sanar da su, su je awo ko ba su ji komai ba tukuna, don su ne maganin zai fi yi wa amfani. In akwai ragowar naman kar a ci kar a zubar, a ƙulle a leda a kai wa likita ko ma'aikatan dabbobi, a jikinsa ake ganin tsutsar a madubi.

Ragowar fiɗa

Mafarauta ƴan uwana wannan taku ce. Kai, fata mai sauran tsoka, ƙafafu da gawar abin da aka harbe ba a so, kar a watsar a daji kar a jefa wa karnuka ɗanye. Na san kare ya yi gudu ya cancanci rabonsa, kowa ya ci zomo ya ci gudu, to a dafa masa nasa shi ma, don kare yana kamuwa, ranar da ya mutu aka yar da shi bayan gari ɓeraye da dila su ci, tsutsar ta dawo kusa da gida. Dabbar da kuka tarar ta mutu da kanta kuwa ko taɓa ta da wuƙa kar ku yi, akwai cututtukan da suka fi wannan saurin kisa a jikin mushe. Abin da ba za a ci ba a ƙone shi, ko a haƙa rami mai zurfin da kare da kura ba za su iya tonewa ba, a rufe a danne da duwatsu ko ƙaya.